Laccar Mako: Dila da Biri a Fadar Ingila

Yau za mu ba ku labarin waƙar da ta gagari hukuma.

A shekarar 1591, zamanin Sarauniya Elizabeth ta farko, wani mawaƙin Ingila, Edmund Spenser, ya buga tatsuniyar dila da biri a waƙe. Su biyun 'yan damfara ne. Aka ba su kiwo, suka cinye tumakin. Daga baya suka tarar da zaki yana barci, suka sace fatarsa da kambinsa. Biri ya hau gadon sarauta, amma wuƙa da nama suna hannun dila. Ya azurta 'ya'yansa da dukiyar jama'a, ya gina manyan gidaje, mai kuka kuwa ba ya ganin sarki sai ta hannunsa.

Mun duba, babu sunan kowa a ciki. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as! Mutane suka ce ai dilan nan Burghley ne, ma'ajin Sarauniya, hukuma kuwa ta sa aka kwashe littafin daga kasuwa. To, ku 'yan kasuwa kun san sauran: littafin sisi ya koma sule biyar. Ba a sake buga shi ba sai da Burghley ya mutu, ɗansa Robert Cecil ya bi shi a 1612.