Rabon Mai Kala

Barkanmu da ganin kaka. Ku da kuke gona a wannan sa'a da rediyo rataye a reshen itace, sannunku da aiki. Ku da kuke gida kuwa, in akwai Littafi Mai Tsarki kusa, a buɗe Littafin Rut sura 2, a kuma sa yatsa a Nehemiya sura 5, gama za mu biya ta can.

Maganarmu ta yau a kan ƙaramin gari take, irin wanda yawancinmu muka fito daga ciki. Kasuwa tana ci sau ɗaya a mako. Da asuba akan buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a gindin itace, masu zuwa addu'a su fito da mayafi saboda sanyi. Ran Lahadi Zumuntar Mata su shigo da tulunsu da cakinsu, majami'a ta cika har waje. A irin wannan gari ba a ɓoye kome. An san wanda rumbunsa ya cika, an kuma san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya da dare. Abin tambaya shi ne, da muka sani, me muka yi da sanin?

Tun kafin Isra'ilawa su shiga ƙasar alkawari, Allah ya yi musu doka a kan girbi. Tana cikin Littafin Firistoci 19:9-10 da Maimaitawar Shari'a 24:19-21. Mai gona ba zai girbe har iyakar kunya ta ƙarshe ba. In ya manta da dami a gona, ba zai koma ɗauka ba. Wannan rabon matalauci ne, da baƙo, da maraya, da gwauruwa. Ku lura da hikimar da ke ciki. Ba a ce mai gona ya kai hatsin gida, sa'an nan matalauci ya zo ƙofarsa da ƙoƙo yana durƙuso ba. An ce ya bar shi a gona. Mai bukata zai zo ya sunkuya, ya yi gumi, ya koma gida da abin da hannunsa ya tara, ba wanda zai yi masa gori.

Da wannan doka Rut ta rayu. Gwauruwa ce, baƙuwa ce kuma daga Mowab, ta biyo surukarta Na'omi zuwa Baitalami a farkon girbin sha'ir, ba rumbu, ba namiji a gidan. Ta fita kala, ta faɗa gonar Bo'aza. Shi kuwa bai tsaya a kan abin da doka ta tilasta masa ba. Ya ja wa samarinsa kunne kada su taɓa ta. Ya ce ta sha daga ruwan ma'aikata. Ya kira ta cin abinci tare da su. Ya kuma ce wa masu girbi su riƙa zare zangarniya daga damuna suna yarwa da gangan, kada kuwa su tsauta mata. Da yamma da ta sussuke, ta sami wajen efa guda, wato abin da ya ɗan ɗara garwa. Haka ta yi ta yi har aka gama girbin sha'ir da na alkama. Wannan mai kala ita ce ta haifi Obida, kakan sarki Dawuda, sunanta kuma yana cikin asalin Ubangijinmu a Matiyu sura 1.

To, iyayenmu sun san kala tun bishara ba ta zo ba. Bayan an cire gyaɗa, tsofaffin mata da yara sukan bi gona da 'yar fartanya, ba mai korarsu. Sun san gayya. In mutum ya kwanta ciwo da damina, ko miji ya rasu ya bar mace da 'ya'ya, unguwa takan sa rana, a dama kunu, a nome gonar kafin azahar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji masu iya magana. Yau kuwa maganin feshi da 'yan ƙwadago sun ci wurin gayya, duk kuwa kuɗi suke so a hannu. Karan dawa da harawa da ake bari a gona, yanzu har su suna da farashi. Ba mu ce laifi ne manomi ya sayar da harawarsa ba, shi ma taki ya saya da tsada. Amma in kome na gona ya zama kuɗi, ina Rut za ta sunkuya?

Kada kuwa wani ya ce babu Rut a garinmu. Mu ɗauki Garkida a Jihar Adamawa, a bakin kogin Hawul. A can ne ranar 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser, masu aikin mishan daga Amurka, suka yi sujada ta fari a gindin tsamiya. Daga wannan ƙaramin gari Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta tsiro, aka yi makaranta da asibiti da wurin jinyar kutare. A watan Oktoba 2014 Boko Haram suka mamaye hedkwatar ikkilisiyar a Kwarhi kusa da Mubi, jama'a suka watsu. Ranar 21 ga Fabrairu 2020 suka shiga Garkida kanta, suka ƙone majami'u da gidaje. Waɗanda suka gudu a waɗannan shekaru, Kirista da Musulmi, da yawansu ƙananan garuruwa ne suka karɓe su. Mun gode wa Allah domin gidajen da suka buɗe ƙofa. Amma karɓar baƙo na mako biyu daban, zama da shi shekara da shekaru daban. Wasu har yau gonar haya suke noma, wasu matan kuma mazansu ba su dawo ba.

Yanzu mu juya Nehemiya sura 5, gama a nan ne maganar take da zafi. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Kristi, ana cikin ginin garun Urushalima, sai kuka ya tashi daga cikin jama'a, maza da matansu. Ba a kan abokan gaba suke kuka ba, a kan 'yan'uwansu Yahudawa ne. Yunwa ta sa wasu sun jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi. Wasu sun ci bashi don biyan harajin sarki. Har 'ya'yansu mata sun shiga bauta, ba kuwa yadda za su fanshe su tun da gonakin suna hannun wasu. Mai bin bashin da wanda ake bi duk a kan garu ɗaya suke aiki, Allah ɗaya suke kira.

Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Kowa ya san watan Agusta. Tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, yara suna zazzaɓi, mudu ya hau. Sai mutum ya je wurin mai hali ya karɓi buhu ɗaya, a kan in kaka ta yi ya biya ɗaya da rabi, wani wuri ma biyu. Kaka ta zo, ya biya bashi, ya sayar da saura da araha saboda kuɗin makaranta da ɗinkin Kirsimeti. Wanda ya saya ya adana, Agusta ta zagayo, ya sayar masa da hatsin gonarsa da tsada. Shekara uku a haka, gona ta tafi jingina. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mota da na niƙa suka tashi, igiyar ta ƙara shaƙewa. Abin baƙin ciki shi ne, wani lokaci mai ba da buhun nan yana zaune a kujerar dattawa, wanda ya karɓa kuma yana can baya, sai su ci Jibin Ubangiji tare kamar ba kome.

Nehemiya ya yi fushi ƙwarai, amma ya yi tunani tukuna kafin ya buɗe baki. Sa'an nan ya tara babban taro, ya tsauta wa manya a gaban kowa, ya ce a mayar da gonakin da gidajen a ranar nan, a bar karɓar ruwa a kan bashi. Shi kansa yana cikin masu ba da rance, ya kuwa sa kansa cikin dokar. Shekara 12 yana mulki bai karɓi abincin da ake ba mai mulki ba, ga mutum 150 suna ci a teburinsa. Shi ya sa da ya yi magana ba wanda ya iya ce masa ya fara da kansa.

Ga godiyar kaka tana zuwa. Za a jera damunan dawa da buhunan masara a gaban bagade, a yi waƙa, a yi gwanjo. A wurare da dama kuɗin kwano da janareta da lasifika ke nan. Majami'a tana bukatar rufi, ba mu musa ba. Amma muna roƙon dattawan ikkilisiya, kafin a buga gwanjo a ware rabo, a zuba a rumbu, kada a taɓa shi sai Agusta. Mai ƙarfin biya a ba shi rance, mudu da mudu, ba ƙari. Tsohuwar da ba ta da kowa a ba ta kyauta, a kai mata da dare, ba sai an karanta sunanta cikin sanarwa ba. Makulli kuma kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Manzo Bulus kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba, sai da waɗanda aka zaɓa suka raka shi, don kada a sami abin zargi. Ku duba 2 Korintiyawa sura 8.

A sa ido kuma wajen rabo. A Ayyukan Manzanni sura 6, gwaurayen masu jin Helenanci ne aka riƙa tsallakewa, ba na 'yan gida ba. Mutum bakwai da aka zaɓa su gyara abin, dukansu sunayen Helenanci gare su. A majami'ar da ake sujada da Hausa amma ake rabo da yaren gida, sai a sa na baƙi cikin masu riƙe da mudu. Wannan bai sauke wa dangi nauyi ba. 1 Timoti sura 5 ta ɗora kula da gwauruwa a kan 'ya'yanta da jikokinta tukuna. Ku da kuke jinmu daga Kaduna ko Jos ko Legas, tsohuwar da kuka bari a gida taku ce kafin ta zama ta ikkilisiya. Ku kuma dangin miji, gonar da marigayi ya bari abincin marayunsa ce.

Matasa, ran Asabar mai zuwa akwai gonar da dawarta ta nuna, ba mai yanka. Kun san ta. Ku ɗauki lauje.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ruwan bana da amfanin gona. Ka tuna da waɗanda suka bar gonakinsu ba da sonsu ba, ka buɗe musu hanyar komawa. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu. Ka ba dattawanmu ƙarfin hali irin na Nehemiya. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya bar mu. Ku huta lafiya.