Rawanin Addini a Kan Bindigar Gwamnati



A watan Nuwamban 1914 aka karanta wata fatawa a Istanbul da sunan Halifa Muhammadu Rashad, cewa yaƙar Ingila da Faransa da Rasha jihadi ne. Wa ya fi kowa murna? Jamus, ƙasar Kiristoci, mai fatan Musulmin da abokan gabanta ke mulka su yi bore. Turawan Ingila da ke kanmu kuwa ba su manta da boren Satiru na 1906 ba. Nan da nan suka karɓi takardun biyayya daga sarakunan Arewa, aka ɗebi kuɗin baitulmali don taimakon yaƙi. Kowane ɓangare ya samo wanda zai sa masa albarka. Da Kawusan, jagoran Buzaye, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a ƙarshen 1916, daga Najeriya aka tura sojoji su mara wa Faransa baya, da yawansu masu salla ne kamar Buzayen.

Yaƙin basasar Najeriya ya fi kusa da mu, dattawanmu sun ji shi a rediyo. Gwamnatin Ojukwu ta ɗauki kamfanin Markpress na birnin Janeba ya riƙa raba wa jaridun Turai labarai, ana ta nanata cewa Musulmin Arewa ne suka tasam ma Kiristoci. Yunwar da aka yi a yaƙin gaskiya ce, yara sun mutu, kada wani ya raina wannan. Amma Gowon da ke jagorantar tarayya Kirista ne, ɗan mai wa'azin bishara, jiragen yaƙinsa kuma daga Tarayyar Sobiyet suka zo, gwamnatin da ba ta yarda da Allah ba ma. Maganar man fetur da rikicin sojoji ba ta motsa zuciyar mai zuwa coci a Turai. Kalmar jihadi tana motsa ta, shi ya sa aka zaɓe ta.

Yau ma haka. Amurka ta sa Najeriya cikin jerin masu tauye 'yancin addini a 2020, ta cire ta a 2021, ta mayar da ita a 2025. An kashe Kiristoci a Filato da Binuwai, jininsu kuma jini ne. To amma ku da kuka binne 'yan'uwanku bayan harin Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a wane shafi aka rubuta ku? Wanda aka kashe Musulmi, wanda ya kashe shi yana amsa sunan Musulmi. Labarin bai dace da ramin da aka haƙa masa ba, sai aka tsallake shi.

Mu ma da namu laifin. Saƙon murya ya shigo WhatsApp, an fara da basmala, an kawo aya, sai mu tura ba tambaya. Da yawa cikin irin waɗannan saƙonni kan Sudan ko Nijar ko Iran akwai gwamnatin da suke yi wa aiki. Ba kasafai za ka ji sun ambaci zinaren Bagega ba, ko shanun da aka kora, ko harajin da manomi ke biyan ɗan bindiga kafin ya yanke gerorsa.