Gawo, Doka da Haƙƙin Manomi a Ƙasar Damagaram

 

An nemi in yi magana kan taimakon da gwamnati ke bai wa manomi don ya kare ƙasar noma da ruwa da iska. Zan ɗauko zancen daga gindin gawo, domin a wannan yanki namu can ne abubuwan uku suke haɗuwa.

Kowa a nan ya san halinsa. Da damina yakan zubar da ganye, hatsi ya samu rana da taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin ƴaƴansa, su bar kashi a wurin. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na tsakiyar fili kauri da tsawon zangarniya. Saiwarsa na riƙe ƙasa, ruwan sama ya samu ya nutse. Iskar farkon damina kuma, wadda ke kwaso rairayi ta binne shuka har mutum ya sake shuka sau biyu ko uku, ƙarfinta na karyewa in gona tana da itatuwa.

Magabata sun san haka. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya kewaye Birni da garu a ƙarni na 19, ya hana saran gawo, kuma hukuncin mai saran ya kai kisa.

Da Turawan Faransa suka zo, dokarsu ta 1935 ta mayar da daji da manyan itatuwa hannun hukuma, dokar 1974 ta bi sawunta. Manomi ya wayi gari itacen da ke cikin gonarsa ba nasa ba ne, in ya datse reshe ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. To, wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Sai ya zamana ana tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Farin 1973 da na 1984 suka tarar da gonaki tsirara.

A 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira taron ƙasa a Maraɗi kan gurgusowar hamada. A wannan lokacin ne wani masanin noma, Tony Rinaudo, da manoman jihar Maraɗi suka fara yaɗa abin da muke kira sassabin zamani: in ka zo sassabe, ka zaɓi rassa mafi ƙarfi daga kututturen sabara ko kalgo ko gawo, ka datse sauran, ka tsare waɗanda ka bari. Kayan aikin duka adda ce ko gatari. A 2006 wani mai bincike, Mahamane Larwanou, da abokan aikinsa suka binciki Mirya da Magarya da Matamaye, suka tarar da kimanin hekta miliyan 1 da itatuwa suka dawo, akasarinsu gawo. A ƙasar baki ɗaya ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200.

Ina hannun gwamnati a nan? Mafi girmansa a doka yake. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 sun sassauta, sannan a ranar 30 ga Yuli 2020 aka sa hannu kan dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa. A ganina wannan ya fi duk dashen da muke yi kowace shekara ranar 3 ga Agusta amfani, domin dashe sai da ban ruwa da shinge, kututture kuwa saiwarsa ta riga ta yi nisa a ƙasa.

Ban raina sauran ayyukan ba. Ramukan rabin wata da tassa sun farfaɗo da faƙo, shingen da ake kafawa a kan tuddan rairayi wajen Gure ya ceci kwaruruka, kuma kuɗin aikin gayya sun hana magidanta da yawa tafiya cin rani. Damuwata ita ce biyan yana tsayawa ranar da aka gama haƙa. Mutumin da ya shekara goma yana tsaron gawo talatin a gonarsa, wanda maƙwabtansa ma ke cin moriyar raguwar ƙura, babu ko dala da ke zuwa hannunsa. Ya kamata a ƙidaya itatuwan da suka rayu bayan shekara uku ko biyar, a saka wa mai su, ko da ta hanyar rangwamen taki da iri.

Sannan dokar 2020 sai an karanta ta da Hausa da Barbarci da Fulatanci a gidajen rediyon karkara, domin takardar da ke ajiye a ofis ba ta hana ɓarawon itace shiga gona da dare. Kwamitocin ƙasa na ƙauyuka su ne za su iya wannan tsaro, in an zauna da makiyaya an yi yarjejeniya kan sassaƙar rassa da rani, aka kuma ba mata kujera, tunda su ke neman makamashi, su ke sayar da kuka a kasuwar Mirya. Magadan gari da ke zaune a nan, ina roƙonku ku ware wa waɗannan kwamitoci kaso a kasafin baɗi.