Jawabi Kan Yoyon Fitsari a Taron Ƙungiya

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Naraguta. Mu 'yan kasuwa mukan tafi fatauci mu bar mace da tsohon ciki, ba kuɗin mota, ba izinin fita. Naƙuda ta kwana biyu, kan ɗa ya danne mafitsara har ta huje, ɗan ya zo ba rai, uwar ta tashi da yoyon fitsari. Daga nan sai saki. To jama'a, ina adalci a nan?

Tun 1992 ake ɗinke wannan ciwo a asibitin Jankwano, nan Jos, kyauta. Don Allah mu bar izini da kuɗin asibiti kafin mu kama hanya. Wadda ta kamu, mu kai ta, kada mu kore ta. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.