Ba Kowane Kumburin Saifa Ne Na Zazzaɓi Ba

An ce in ɗan yi magana a kan lafiya, tunda aikin jinya na yi har na yi ritaya.

Akwai wata yarinya 'yar shekara 14 da aka taɓa kawo mana. Cikinta ya tasa ta gefen hagu, ƙarƙashin haƙarƙari. Loma biyu ta ƙoshi, ga ciwon kafaɗar hagu. An kai ta wurin wanzami an yi tsaga, an sha jiƙo, shiru. Har unguwa ta fara tsegumi, kun dai san abin da ake cewa in cikin budurwa ya tasa. Da aka yi hoton ciki, sai ga jakar ruwa a cikin saifarta, ta fi lemon zaƙi girma.

Mu da an ce saifa, sai hankali ya tafi kan zazzaɓin cizon sauro ko sikila. To, akwai wannan ma. Wani da ita aka haife shi, tana girma a hankali, sai ya tasa take bayyana. Wani buguwa ce ta jawo. Wani kuma tsutsa ce da ake ɗauka daga kashin kare, ita kam ba a tsikararta da ka, don ruwanta in ya zube a ciki haɗari ne.

In ƙarama ce ba ta damun yaro, likita kan sa ido kawai. In ta wuce santimita 5 ko tana ciwo, akan yi maganar tiyata. Zuƙe ruwan kaɗai, sau da yawa yakan dawo. Likitoci kan yi ƙoƙarin barin wani sashe na saifar, domin ita ke tace jini tana yaƙar cuta. In an cire duka, sai rigakafin sanƙarau da na nimoniya, da gidan sauro, kuma kowane zazzaɓi asibiti ne a ranar. Kafin aiki, a hana yaro ƙwallo da kokawa, kar ta fashe.

Yarinyar nan ta warke sarai. Amma wata takwas aka ɓata saboda kunya da rashin kuɗin hoto. Shi ya sa nake roƙo, Hajiya, asusunmu na gaggawa ya riƙa biyan kuɗin hoton ciki ga 'ya'yan membobi.

Allah ya raya mana zuri'a.