Amsar Wasiƙunku: Gyaran Notin Allon Zamiya a Kan Dusar Ƙanƙara

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani Alhaji mai fataucin wake a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar. Ya ce yana da ɗa mai karatu a garin Girenobul na ƙasar Faransa, kuma yaron ya sayi wani allo na hannu da ake wasan zamiya da shi a kan dusar ƙanƙara. Yanzu ya aiko cewa ramin sukuru guda ya lalace, a taimaka masa da kuɗin sabo. Alhaji na tambaya, shin wane irin allo ne wannan, ana iya gyara shi, kuma akwai haɗari idan yaron ya ci gaba da hawa a haka?

To, Alhaji, mun gode da wasiƙarka. Bari mu fara da bayanin allon kansa, domin yawancin masu sauraronmu ba su taɓa ganinsa ba sai a talabijin. Turawa na kiransa sinobod. Wani falle ne mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi, mutum ya ɗaure ƙafafunsa biyu a kai, ya tsaya a karkace, ya gangaro daga kan dutse. Asalinsa daga Amurka ne. A shekarar 1965 wani mutum mai suna Sherman Poppen, a jihar Mishigan, ya haɗa katakon zamiya guda biyu wuri ɗaya domin 'ya'yansa su yi wasa. A 1977 Jake Burton Carpenter ya kafa kamfanin Burton a jihar Vermont, wanda har yau yana cikin manyan masu ƙera allon. Wasan ya shiga gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Nagano, ƙasar Japan, a 1998, inda wata Bafaranshiya, Karine Ruby, ta ci lambar zinariya. Garin da ɗanka yake kuwa, a gindin duwatsun Alps yake, shi ya ma karɓi baƙuncin gasar lokacin sanyi ta 1968. Saboda haka a wurinsu wannan wasa kamar ƙwallo yake a wurinmu.

Cikin allon katako ne mara nauyi, an lulluɓe shi sama da ƙasa da zaren gilas da gam, ƙasansa roba ce mai santsi, gefensa kuma ƙarfe. Tun a masana'anta ake binne ƙananan notuna na ƙarfen da ba ya tsatsa a cikin katakon, bakinsu kaɗai ake gani daga sama. A cikin waɗannan notuna ake ɗaure mariƙin takalmi, yawanci da sukuru huɗu a kowace ƙafa. Kaurin sukurun milimita 6 ne, tazarar haƙoransa milimita 1, shi ne wanda masu sayar da kayan ƙarfe ke kira M6. To, ɗaya daga cikin notunan nan ne ya lalace wa yaron.

Maganar haɗari ita ce kan gaba, kuma amsarta e, akwai. Mariƙin wannan allo ba ya sakin ƙafa idan mutum ya faɗi, haka aka ƙera shi. Duk nauyin mutum da ƙarfin juyinsa a kan sukuru huɗun nan suke sauka. Idan guda ya daina aiki, ukun da suka rage su ke ɗaukar kayansa, sannu a hankali su ma su saki. Ranar da mariƙin ƙafa ɗaya ya tsinke ana cikin gudu, ɗaya ƙafar tana nan ɗaure da allo, allon ya juya da ita, gwiwa ko idon sawu ya tafi. Don haka, Alhaji, saƙon farko da za ka aika masa shi ne kada ya sake hawa da sukuru uku, ko da na gangara ɗaya ne.

Sai maganar gyara. Lalacewar iri uku ce, kowace da maganinta, kuma sai an gane wace ce kafin a taɓa komai.

Kafin nan ma, ya gwada sabon sukuru a ramin. Sau da yawa sukurun ne haƙoransa suka cinye, notin na nan lafiya lau. Ya kuma leƙa cikin ramin, ya share shi da tsinke, domin yashi ko ƙanƙara ko busasshen gam na iya hana sukuru shiga. Idan sabon ya shiga da hannu sumul, ya kama, magana ta ƙare.

Iri na farko shi ne wanda sukuru ya shiga a karkace ya tauye haƙoran sama na notin. Wannan shi ne mafi sauƙi. Akwai wani ƙarfe mai yanka haƙora a cikin rami, masu aikin ƙarfe na kiransa taf. A nemi na M6, mai faɗin baki wanda ke kaiwa gindin rami, a ɗiga masa mai kaɗan, a tsayar da shi sak, a riƙa juyawa da hannu rabin zagaye gaba, a ɗan komo baya, har ya isa ƙasa. Da ya tsaya, a tsaya. Idan aka matsa, zai huda gindin notin ya ɓullo ta robar ƙasa. Daga nan a kaɗe garin ƙarfen, a gwada sukuru.

Iri na biyu shi ne wanda haƙoran suka cinye gaba ɗaya, sukuru na ta juyawa ba ya kamawa. Nan ake sa wata 'yar waya naɗaɗɗiya mai kama da sifirin, wadda aka fi sani da sunan Helicoil. An ƙirƙiro ta ne a ƙarshen shekarun 1930 domin injinan jiragen sama, kuma ita ce dai ake sa wa ramin fulogin babur ko injin ban ruwa idan ya cinye. Ana faɗaɗa ramin da bakin injin huda na milimita 6.3, a yanka sababbin haƙora da taf ɗin da ke zuwa tare da wayar, a murɗa wayar ciki, a karya ɗan harshenta na ƙasa, sukuru na M6 ya koma mazauninsa. Sai dai fa bangon notin siriri ne, allon duka bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Dole a auna zurfin ramin, a naɗa alama a jikin bakin hudar don kada a zarce. Wanda bai saba ba, ya kai wa masu shago.

Iri na uku shi ne mafi muni, wato notin kansa ya saki daga cikin katako, yana juyawa tare da sukuru, ko ya fara ɗagowa sama. Idan juyawa kawai yake, wasu masu gyara kan huda ƙananan ramuka a gefensa, su ɗura gam mai haɗi biyu irin su Araldite, mai daɗewa kafin ya bushe, su bar shi awa 24. Idan kuwa ya tumɓuke, sai a ɓullo masa ta ƙasa: a yanke robar ƙasan allon daidai wurin, a cire tsohon, a sa sabon noti mai faffaɗan gindi da gam, a matse, sannan a like robar a goge ta daidai da sauran. Abin lura a nan shi ne toshe duk wata kafa. Ruwa idan ya shiga katakon, ya daskare, kumbura yake yi, ya ɗaga fatar allon, katakon kuma ya ruɓe. Wannan aikin na shago ne, kuma a garuruwan duwatsun Alps shagunan gyaran ba su da wuyar samu.

Har ila yau akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Masu ƙera allon suna sa notuna fiye da huɗun da ake bukata, domin kowa ya daidaita faɗin tsayuwarsa. A yawancin allunan yanzu layi biyu ne masu tazarar santimita 4 a tsakaninsu, kuma daga rami zuwa rami a kan layin santimita 2. Saboda haka yana iya matsar da mariƙin gaba ko baya zuwa ramuka huɗu masu lafiya, ya matsar da na ɗaya ƙafar shi ma don tsayuwar ta daidaita. Amma idan notin da ya lalace ya fasa fatar allon, a toshe wurin da gam tukuna saboda ruwa.

Yaushe ne gyara ba zai yi ba? Idan notuna biyu ko uku na ƙafa ɗaya sun tumɓuke, ko fatar allon ta kumbura a kewayensu, ko katakon ya tsage ko ya yi laushi. A nan kam allon ya gama aikinsa, kuma kuɗin sabo ya fi kuɗin ɗori araha. In ba haka ba, Alhaji, kada ka yi gaggawar aika kuɗi. Sabon allo kan kai Yuro ɗari uku zuwa sama, gyaran noti guda kuwa ɗan kaɗan ne daga cikin wannan. Ka ce masa ya kai allon shago su duba, ya faɗa maka wane iri ne daga cikin ukun nan, da abin da suka ce za a biya.

Daga ƙarshe ga rigakafi, wanda zai amfani duk mai ɗaure sukuru, ko a keke ne ko a injin niƙa. Fara sa sukuru da yatsu. Juya shi baya kaɗan har ka ji ya faɗa mazauninsa, sannan ka yi gaba. Idan ya cije tun zagayen farko, a karkace yake, fito da shi ka sake. A allon zamiya kada a yi amfani da injin ɗaure sukuru, sukurudireba babba mai baki kuros ta isa. A ɗaura su da kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan ta gicciye, yadda direba ke ɗaure taya. A kula da tsawon sukurun: gajere ba ya kama haƙora isassu sai ya fizge su, dogo kuma ya tokari gindin noti ya kumbura ƙasan allon. Kada a zuba ruwan gam ɗin da ke riƙe sukuru, domin yana cin robar mariƙin, sukurun allon da ɗan shuɗin gam ɗinsu busasshe suke zuwa. Sannan a riƙa duba su kafin kowace fita, saboda sanyi da girgiza na kwance su.

Da fatan Alhaji ya gamsu, muna kuma gaida yaron, a ce ya dage da karatu. Sauran wasiƙun da suka iso, suna nan a hannunmu, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa war haka, a huta lafiya.