Wa Ke Ajiye Mujallun Iliminmu?

 

A zamanin takarda, idan jami'a ta biya kuɗin mujalla, fitowar da aka aiko mata ta zama tata. Ko kamfanin ɗab'in ya durƙushe, ko edita ya rasu, kwafi na nan a kan kanta. Haka yake a ɗaruruwan ɗakunan karatu: gara ta ci na wannan, na wancan yana nan lafiya. Da mujallu suka koma intanet, wannan kariya ta tafi ba tare da an ankara ba. Yau izinin karantawa ɗakin karatu yake saye, maƙalar kuwa tana kan kwamfutar mai bugawa. Ranar da ya kasa biyan kuɗin shafinsa, shi ke nan.

Kuma abin yana faruwa. Mikael Laakso da abokan aikinsa biyu sun gano mujallu 174, waɗanda ake karantawa kyauta, da suka ɓace ɓat daga intanet tsakanin 2000 da 2019. A 2024 Martin Eve ya binciki maƙalu fiye da miliyan 7 masu lambar DOI, ya tarar kusan kashi 28 cikin ɗari ba sa cikin ko ɗaya daga manyan ma'ajiyoyin da ya duba. Ina so editocinmu su ji wannan da kyau, domin da yawa sun ɗauka samun DOI shi ne adanawa. DOI adireshi ne kawai, yana nuna inda maƙala take, ba ya riƙe ta.

Akwai waɗanda suka tashi tsaye tun da wuri. A 1999 Vicky Reich da David Rosenthal suka kafa LOCKSS a ɗakin karatun Jami'ar Stanford ta Amurka. Ɗakunan karatu da yawa ne kowanne ke riƙe da kwafin mujalla ɗaya, kwamfutocinsu suna gwada kwafinsu da juna a kai a kai. Idan na wani ya lalace, ko an taɓa shi, sauran su gane, a gyara masa daga nasu. Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Littattafan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Malam Abdullahi da Nana Asma'u sun iso gare mu ne saboda almajirai sun yi ta kwafe su da hannu, suka bazu gari gari, har masana ke gwada kwafi da kwafi su gano inda mai kwafa ya yi tuntuɓe.

Bayan LOCKSS, ma'ajiyar Portico ta zo a 2005, sai kuma CLOCKSS, wadda ke rufe abin da aka ba ta ajiya har sai mujalla ta daina samuwa a wurin mai ita, sannan ta buɗe wa kowa kyauta.

Manyan kamfanonin ɗab'i sun daɗe da shiga waɗannan tsare-tsare. Waɗanda ke cikin haɗari su ne ƙananan mujallu irin namu, na sashe ko tsangaya, waɗanda malami ɗaya ke ɗawainiya da su, kalmar sirrin shafin tana kansa shi kaɗai. A irinsu ake buga nazarin waƙar baka, da karin harshen Katsina ko Damagaram, da tarihin masarautu. Idan suka salwanta, babu wata jami'a a Turai da ke da kwafi, kuma dattawan da aka yi hira da su wasunsu sun riga mu gidan gaskiya.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Mujallar da ke amfani da manhajar OJS, kuma tana da lambar ISSN, za ta iya shiga ma'ajiyar PKP ba ko kwabo. Roƙona ga kowane edita: gobe ka shiga Keepers Registry, wanda cibiyar ISSN ta birnin Paris ke gudanarwa, ka sa lambar mujallarka ka ga ko wani na ajiye da ita. Hukumomin jami'a kuma, kafin su amince da mujalla wajen ƙarin girma, su nemi shaidar inda aka adana ta.